Zabo Ya Rage wa Likita Aiki

Direban motar asibiti ne ya fara ba Zabo labarin hasken nan. Daga nan za ki soma rubutawa. Ya kawo motarsa gareji ne, ƙofar baya ta lotse, wai yana ja da baya ya daki ginshiƙi, yana so a buge masa ita kafin na sama da shi su gani. Zabo ya durƙusa yana shafa ƙofar, shi kuma direba ya tsaya masa a ka yana kallon fuskarsa, irin kallon da ba a ko sakayawa.

"Malam, ƙofa ka kawo ko kallo ka zo?" in ji Zabo.

"Yi haƙuri, maigida. Wannan zanen na fuskarka, da shi aka haife ka?"

"A'a, saya na yi. Kana so in kai ka wurin mai sayarwa?"

Direba ya yi dariya har da tari. Da ya gama ya ce shi ba da wasa yake ba. A asibitinsu akwai wata likitar fata, an kawo mata wani inji, leza suke ce masa. Ba wuƙa, ba ɗinki, haske ne kawai. Ya ce da idonsa ya ga wani da ya faɗi a babur, kwalta ta shige masa kunci ta zauna, aka yi ta haska masa, yau in ka gan shi kamar an wanke faranti.

Zabo ya ce, "To madalla. Riƙe mini nan." Ya ɗauki guduma.

Shi Zabo mai gyaran jikin mota ne, ya buge lotsa, ya yi walda, ya yi fenti. Sunan kuma fuskarsa ce ta jawo masa. Yana shekara sha tara, yana koyon aiki, wani ya kawo tankin mai ya tsage. Ƙa'idar aikin ita ce a wanke tanki, a cika shi da ruwa, a bar shi a buɗe ya kwana. Mai tanki yana sauri, maigidan gareji ba ya nan. Shi kuma ya sa hanci ya shinshina, ya ce ai ba wari. Wuta na taɓawa tanki ya tashi. Allah ya sa tabaran walda na idonsa, shi ya tsirar da idanun. Amma baƙin hayaƙi da tsatsa da ƙasa duk suka shige fatar, fata ta warke a kansu. Daga goshi har haɓa ɗigo-ɗigo ne baƙi mai shuɗi-shuɗi, sai zagayen idanu biyu fes, inda tabarau ya rufe. Wani abin kuma, tabon ba shi da tudu ko kaɗan. In ka shafa, sumul, kamar ba abin da ya taɓa samunsa. Launi ne kawai.

Shekara talatin da uku yana yawo da wannan fuskar. Da ita ya yi aure, da ita ya haifi 'ya'ya biyar. Dabarar da ya koya ita ce ya riga kowa yi wa kansa ba'a. Yaro in ya gan shi ya ɓuya bayan uwa, sai ya ce, "Ƙyale shi, ni ma haka nake yi in na ga madubi." Aiki kuwa ba a magana. Yadda yake duba mota daban ne da na kowa. In ya gama bugu, ya cike da fila, ƙullun nan da suke shafawa a lotsa, ya bi da samfefa, takardar gugar nan mai kaushi, to sai ya rufe idonsa ruf, ya ɗora tafin hannu yana ja a hankali. Yakan ce ido yana barin lotsa ta wuce shi, hannu ba ya bari. Sau nawa mai mota zai ce ya yi, ya yi haka nan, Zabo ya ce bai yi ba, akwai saura a nan. Ba ya iya ganin abu da kaushi ya ƙyale. Ko a gidan mutane ya zauna, za ki ga babban yatsansa yana murzar gefen tebur.

Mutum ɗaya ce a duniya ba ta taɓa ce masa Zabo ba, Inna, mahaifiyarsa. Ita Auta take ce masa, kuma duk wanda ya zo ƙofar gida ya yi sallama ya ce ana neman Zabo, sai ta ce ba a kiwonsu a nan. Dalili kuwa, ita ce ta kama hannunsa ta kai shi gareji bayan ubansa ya rasu. Shi ɗinki yake so. Ta ce ɗinki ba ya riƙe gida. Wannan maganar ta zauna mata a ƙirji shekara da shekaru. Ba sabulun da ba ta saya ba, ba man da mai talla zai wuce da shi ba ta tsayar da shi ba. Lemon tsami kuwa ta matse masa ya fi buhu.

A lokacin da nake ba ki labari Inna ta haura tamanin. Ɗakinta shi ne na bakin ƙofa, kusa da famfon da ba ya daina ɗiga. Tana da kujerar roba a bakin ɗakin, da kwalaben maganin ido uku a jere a taga. Idon hagu ya riga ya mutu. Na dama kuma ciwon nan da suke ce wa hawan jinin ido yana cinsa daga gefe, ta ce kamar ana leƙen duniya ta cikin bututu.

Da yamma Zabo ya dawo, yana wanke hannu a famfo, ya kawo labarin direba don a yi dariya. Matarsa ta yi dariyar, ta ce, "In suka wanke ka ni kuma ina zan gane mijina a kasuwa?" Inna ba ta yi ba.

"Auta, yaushe za ka je?"

"Ina, Inna? Ai zance ne na direbobi."

"Na ce yaushe za ka je."

"Haba Inna, tsofai-tsofai da ni? Wa zan yi wa kwalliya?"

"Ni," in ji ta. "Fes na haife ka. Fes na kai ka wurin nan da hannuna. Ina so in gan ka yadda na haife ka sau ɗaya kafin wannan idon ma ya rufe. Ban taɓa roƙonka komai ba."

Gaskiya ne kuwa, ba ta taɓa ba. Sai ya je.

Likitar yarinya ce, ba za ta girmi babbar 'yarsa da yawa ba. Ɗakin sanyi ƙalau, gado ɗaya da farar takarda shimfiɗe a kai, ga injin a gefe kamar ƙaramin firji mai dogon hannu. Ta duba fuskar da wani gilashi mai fitila, ta daɗe. Ta ce ya cire riga. A kafaɗarsa ta ga wani tsohon yanka na kwano da ya warke ya yi tudu kamar wake. Ta danna shi da yatsa.

"Baba, ka ga wannan? Fatarka irin mai tashi ce. In ta ji rauni mai zurfi ba ta warkewa a kwance, tudu take yi. Don haka a hankali za mu bi ta. Zan gwada ɗan wuri kusa da kunne tukuna."

"Yi yadda kika ga dama, 'yata. Ni ma in an kawo mini sabon fenti a ƙasan ƙofa nake fara gwadawa."

Aka rufe masa idanu da wasu 'yan marufai, inji ya kama tas, tas, tas. Ya ce kamar ana ja maka roba ana saki a fata, ga ƙaurin gashi. Yana kwance yana ba ta shawara wai hannunta ya cika tsayawa wuri ɗaya, mai walda ba ya haka. Ta ce in bai yi shiru ba za ta rubuta masa sunanta a kunci. Da aka gama ta lissafa masa abu uku. Kada rana ta taɓa wurin. Kada ya sosa. Zai yi ɓawo, kada ya ɓare, ya bar shi ya faɗi da kansa.

Gwaji ya yi kyau. Bayan mako shida aka yi goshi, bayan wata biyu aka sake. Saboda rana, matarsa ta ɗinka wa malafarsa wani farin ƙyalle da ke sauka har hanci. Mai Faci, maƙwabcinsa a gareji, abokin tsokanarsa tun suna samari, yana ganinsa ya miƙe tsaye ya ce, "Ku ba da hanya, amarya ta iso!" Zabo ya ce, "In na kwance wannan ƙyallen, matarka ma sai ka ɗaure ta."

Ranar da ɓawon goshi na biyu ya faɗi, Inna ta ja shi tsakar gida inda haske ya fi yawa. Ta kama kunnuwansa biyu kamar tulu, tana juya kansa, tana neman sa da ɗan bututun da ya rage mata. Ɗigon goshi ya dusashe, wani wurin ma babu shi sam.

"Ga shi nan," ta ce. "Ga goshin Autana. Irin na ubansa." Ta yi ta dariya tana share ido da gefen zane. "Saura kumatun."

A makon ne aka kai ta wurin likitan ido. Ya auna, ya ja Zabo waje, ya ce magani ya daina riƙewa. Wata uku, in an yi sa'a huɗu.

Washegari Zabo yana ƙofar likitar fata tun kafin a buɗe.

"Likita, sau nawa ya rage mini?"

"Kumatu sun fi goshi zurfi. Biyar, ko shida."

"Kowane sai an jira wata biyu?"

"Haka ne."

Ya ƙirga a yatsunsa, ya ga shekara. "A yi mini duk mako. Ni fatata ta saba da wuta."

"Baba, ba wutar ce ke aikin ba. Ni farfasa baƙin kawai nake yi ya zama gari. Jikinka ne ke kwashewa, shi kuma ba ya sauri don an roƙe shi."

Ya gaya mata batun Inna. Ta ce abin da za ta iya shi ne ta haɗa kumatu biyu a zama ɗaya maimakon ɗaya-ɗaya. Fiye da haka ba za ta yi ba. Aka yi a ranar.

To, a nan ne tunanin gareji ya shiga kansa. Ya zauna ya duba yadda abin ke tafiya. Likita ta haska, wuri ya yi ɓawo mai kaushi, a jira, ɓawo ya faɗi, wuri ya yi sumul, ta sake haskawa. Ya ce ashe aikinmu ɗaya. Ka shafa fila, ta bushe ta yi kaushi, ka bi da samfefa ta yi sumul, sannan ka ɗora na gaba. Sumul ɗin take jira. Ita yarinya ce, boko ta yi, ba ta san akwai abin da ke kawo sumul a awa ɗaya ba. Maganar jiki na kwashewa kuwa ta shiga ta nan ta fita ta can.

Kwana biyar da haskawa, ranar da gareji ke hutu, ya fito da hantsi. Kada ki ɗauka da ganganci ya yi. Wallahi ko motar wani babba bai taɓa yi wa shiri irin wannan ba. Ya ciro madubin gefe na wata matacciyar bas da ke ƙarshen gareji, ya kafa a kan teburin aiki. Ya wanke bokiti sau uku, ya zuba ruwan da aka tafasa. Ya ɗauko sabuwar samfefar ruwa, mafi laushi, wadda ake bi da ita a ƙarshe kafin fenti ya yi ƙyalli. Ya naɗe ta a soso, ya tsoma, ya fara zagayawa a kuncin hagu.

Ɓawo ya tafi kamar wasa. A ƙarƙashi ga fata ja-ja sabuwa. Da nan ya tsaya, wataƙila da sauƙi. Amma da ya matso da madubi sai ya hango ɗigon suna nan a ciki, kusa-kusa, kamar ka sa farce ka ɗauke. Ya tsoma soso a bokiti, ya ga ruwa ya yi toka-toka. Ya ce, ga shi yana fita. Ya ƙara dannawa.

Mai Faci ya zo ɗaukar wani abu da ya manta, ya tarar da shi jini na bin wuyansa yana shiga riga, ya gama kunci ɗaya ya ci rabin ɗayan.

"Innalillahi! Zabo, me kake yi haka?"

"Kai dai zo ka ga ruwan nan. Baƙin shekara talatin ne ke fita."

Mai Faci ya leƙa bokiti. Ya fizge ragowar samfefar da ke kan tebur, wadda ba ta taɓa fuska ba, ya tsoma a kofin ruwa, ya murza a jikin ƙarfe. Ruwa ya yi toka-toka iri ɗaya.

"Baƙin takardar ne, ɗan'uwa. Kai ka koya mini wannan."

Zabo ya kalli kofin, ya kau da kai. Ya ce, "Tunda na fara, ba a barin gefe ɗaya." Sai da Mai Faci ya kife bokitin da ƙafa.

Duk da haka da safe da ƙarfin gwiwarsa ya tafi asibiti, fuska naɗe da tsumma mai tsabta. Ya zauna, ya kwance tsumman da kansa.

"Na rage miki aiki, Likita. Wuri ya yi sumul. Sai ki ɗora."

Likita ta dubi fuskar. Ta jawo kujera ta zauna.

"Da me?"

Ya ciro samfefar daga aljihu, a ninke, ya miƙa mata. Ta shafa ta da babban yatsa.

"Baba, ban ce kada ka ɓare ba?"

"Ban ɓare ba, 'yata. Ɓarewa ai aikin yara ne. Bi na yi da shi a hankali, da ruwa."

Ta rufe fuskarta da hannu biyu. Da ta buɗe ta kira nas, ta ce a kawo kayan wankin ciwo. Ba ta yi masa faɗa ba, shi ya fi tsorata shi.

Kwana uku wuri ya kama mugunya, zazzaɓi ya kwantar da shi. Mako shida yana cikin bandeji, idanu da baki kawai ake gani. Aka ce wa Inna haka aikin yake, a ƙarshe ake naɗewa. Kullum da safe tana kan kujerarta, in ta ji motsinsa sai ta ce, "An kwance?" Ya ce saura kaɗan. Ta ce, "Ku yi sauri dai, bututun yana tsukewa." Ranar da aka kwance ya dawo gida da rana tsaka, rana na dukan tsakar gida, ya same ta tana tambayar matarsa ko hadari ne ya haɗo, ta ga gari ya yi duhu.

Fuskar kuwa abin da likita ta faɗa shi ya faru. Wata ɗaya, biyu, tabo ya fara tashi. Daga kunne zuwa haɓa ya yi tudu-tudu, mai sheƙi, mai tauri, kamar waldar ɗan koyo. Ga ƙaiƙayi, ga ja in zai yi dariya, har ya daina yi. Ɗigon ma ba su tafi ba, suna nan a tsakanin tudun. Likita ta yi ta yi masa allura a cikin tabon duk wata, allurar da ke sa ƙato hawaye, ta ba shi wata roba mai laushi yana mannawa. Ya ɗan yi taushi, shi ke nan.

"Hasken fa?" ya tambaye ta.

"Wancan ba zan ƙara ɗora maka a nan ba. Akwai wani iri da ke rage tudu, in tabon ya kwanta, nan da shekara ɗaya ko biyu. Ragewa, Baba. Ba zan yi maka ƙarya ba, ba zai koma a kwance ba."

A gida kuma Inna ta kira matarsa. "'Yar nan, ke ba kya mini ƙarya. Ya fita?"

Matar ta dubi Zabo. Yana tsaye a bakin famfo, ya gyaɗa mata kai.

"Ya fita tas, Inna."

"Alhamdulillahi. Auta, zo in ji."

Ta miƙo hannu biyu. Ya ja da baya har ya taka bokiti.

"Likita ta hana a taɓa, Inna. Sai an yi na ƙarshe."

Wani yammaci Mai Faci ya same shi zaune a kan taya, ido a rufe, yana jan tafin hannu a fuskarsa yadda yake yi wa mota. Ya bi goshi, ya sauko kunci, hannu ya tsaya.

"Mai Faci, ka san wani abu? Da na bar ta yadda take, yau da Inna ta samu abin da take so."

"Kamar yaya?"

"Da hannu take gani yanzu. Hannu bai san baƙi ba. Tsohuwar fuskata in ta shafa, sumul za ta ji, yadda ta haife ni. Ko hasken ma ba sai an yi ba. Jira kawai zan yi."

Mai Faci, mutumin da bakinsa ba ya mutuwa, ya juya. Ya koma ya ci gaba da buga wa tayar da ta riga ta cika iska.

Wata takwas Zabo yana wasan ɓuya da hannun uwarsa. Gaisuwa daga bakin ƙofa. In ta miƙo hannu ya ba ta nasa, ko ya sunkuya ya ba ta tsakiyar kai. Ita kuma kullum, "Yaushe ne na ƙarshen?" Wata rana inji ya lalace, wata rana likita ta yi tafiya, wata rana layi ya yi yawa.

Ranar da abin ya ƙare, da safe ne, yana shirin fita. Inna ta lallaɓo tana bin bango, ta taka santsin famfo, ta zube. Ba wanda ke tuna ƙarya a irin wannan lokacin. Ya yar da malafa ya ruga ya sungume ta kamar jaririya. Ta saƙalo wuyansa da hannu ɗaya, ɗayan ya sauka a kuncinsa.

Ya tsaya cak a tsakar gida da ita a hannu. Yatsun suka fara tafiya. Daga kunne, a hankali, suka bi tudun har haɓa. Suka tsallaka ɗaya gefen, suka bi shi ma har ƙarshe. Sannan suka hau goshi, suka zauna a nan, suna shafawa, suna shafawa.

"Sumul," in ji Inna. "Yarinyar nan ta iya aiki."

Kada ki rubuta cewa ba ta gane ba. Yatsun da suka shekara saba'in suna tsince tsakuwa a cikin wake ba za su wuce wannan ba su ji ba.  Inna ta gane sarai, shi ma ya san ta gane. Daga ranar ba ta ƙara cewa zo in ji ba, ba ta ƙara tambayar na ƙarshe ba. Abinci ma sai an yi da gaske.

Bayan kwana biyu ta sa aka kamo mata kazarta, wata ja mai yawan ƙwai, ita kaɗai ce abin da ta mallaka a duniya ban da kayan sawa. Ta shafa bayanta ta miƙa masa.

"Kai wa likitarka. Ka ce uwar Auta ta gode. Ka ce na gani."

"Inna, su likitoci ba sa karɓar..."

"Ka kai, na ce."

Ya ɗaure ƙafafun kaza, ya rataya a babur, ya tafi. Ya shiga asibiti, ya bi dogon barandar nan har ƙofar ɗakin. Ta gilashin ƙofa ya hango likita ta sunkuya a kan wata mata, inji na tas, tas. Ya tsaya da kaza a hammata, mutanen kan benci suna kallon fuskarsa suna kallon kazar. Me zai ce? In ya faɗi saƙon yadda aka ba shi, yarinyar nan za ta ɗago ta dubi kumatunsa. In bai faɗa yadda aka ba shi ba, bai isar ba. Ya juya. Gida kuma ba ya komuwa da kaza, Inna ta san kukanta. Sai ya wuce gareji, ya kwance ta, ta shige ƙarƙashin wata mota.

"Ka kai?"

"Ban same ta ba, Inna. Gobe."

Sau huɗu yana ɗaure kazar nan yana kaiwa ƙofa yana dawowa. Inna ta yi ta tambaya har ranar da magana ta ɗauke mata. Ba ta cika shekara ba bayan faɗuwar.

Bayan an yi makoki Mai Faci ya ce masa, "To, yanzu sai a yanka, ko ka mayar wa iyali."

"Ba tawa ba ce. Saƙo ce."

Ya sake ɗaurewa ya tafi, wannan karon har ya ƙwanƙwasa. Wani namiji ne ya buɗe. An yi wa likitar canjin wurin aiki, wani gari mai nisa, tafiyar yini guda. Nas ta rubuta masa sunan wurin a 'yar takarda. Ya ninke ya sa a akwatin gudumominsa. Ya ce in ya gama motar da ke hannunsa zai je. Ya gama, aka kawo wata. Allurar ma ya daina zuwa. Ba'ar da yake yi wa kansa ya bari, yara in sun gudu sai ya sauke ƙyallen malafa kawai. Aiki yana yi, amma ya daina rufe ido. Ya buge, ya duba sama-sama, ya ce ɗauki motarka.

Bara ciwon ƙirji ya kwantar da shi, kwana tara. Da Mai Faci ya je duba shi, abin da ya ce kawai shi ne a riƙa ba kazar ruwa, in ya tashi zai kai. Bai tashi ba.

Takardar tana cikin akwatin, mai ya jiƙa ta, rabin rubutun ba ya karantuwa. Kazar ta tsufa, ta daina ƙwai. Tana nan a gareji, Mai Faci ke watsa mata tsaba. Ba a kai ba.